Iƙrarin Mai Goyo: Lacca a Kan Amsa Laifi Idan Jariri Ya Rasu

  

Mas'alar da ta tara mu ita ce: idan jariri ya rasu ko ya ji ciwo a hannun mai renonsa, aka tuhumi uwarsa, ko ubansa, ko kishiyar uwarsa, ko 'yar rainon da aka ɗauko daga ƙauye, wanda aka tuhuma ya amsa laifin da bakinsa, sa'an nan da aka je gaban alƙali ya ce tilasta shi aka yi, ko ya ce a ruɗe yake sa'ad da ya faɗa, to, wane nauyi ke ga wannan iƙrari? Ba baƙuwar magana na kawo wa wannan yanki ba, domin Gummi ce ta haifi Malam Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, kuma wanda aka naɗa Sarkin Mafaran Gummi a zamaninmu, Mai Shari'a Lawal Hassan, daga kujerar Babban Jojin Abuja ya taho gadon sarauta. Ga shi kuma Zamfara ce ta riga kowace jiha ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ran 27 ga Oktoba 1999. Mutanen da suka ɗauki wannan kaya, ya wajaba su fi kowa sanin sharuɗɗansa.

Na san abin da mafi yawan jama'a kan ce idan an zo nan, shi ne, ai baki shi ke yanka wuya, kuma mai hankali ba ya ɗora wa kansa jinin jariri alhali bai zubar ba. Kafin mu duba ko haka ne, sai mu lura da abin da ya raba wannan irin shari'a da saura. Idan an sace saniya, babu mai jayayya cewa an yi sata, tun da ga turke babu saniya, abin da ya rage shi ne neman ɓarawo. Amma idan jariri ya kwanta da dare lafiya aka wayi gari babu rai, ko ya kama jijjiga ya sanƙame a bayan mai goyonsa, to, ba a ma san ko an yi laifi ba tukuna, balle a nemi mai shi. Jariri ba ya magana, mafi yawan lokaci babu wani shaida a ɗakin, kuma wanda zato zai fara faɗawa kansa shi ne wanda ya fi kowa kusa da yaron, wato wanda baƙin ciki ya fi dimautarwa. A irin wannan hali sai a ɗora wa iƙrari aiki biyu, ya tabbatar da cewa kisa ne, ya kuma tabbatar da wanda ya yi, alhali kuwa aikin farko ba nasa ba ne ko kaɗan. Wannan shi ne jigon maganata, kuma babu mutanen da suka fi ku cancantar fahimtarsa.

Ku tuna farkon shekarar 2010, sa'ad da yara suka riƙa mutuwa a 'Yargalma da Tungar Guru a nan ƙasar Bukkuyum, da Dareta da Abare da Sunke da Bagega a ƙasar Anka. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, ya daina wasa, sai jijjiga, sai suma, sai a ɗauke shi zuwa makwanci. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an zaci sanƙarau, duk a banza, har likitocin ƙungiyar nan ta MSF suka lura da yawan ƙananan kaburbura a watan Maris, aka ɗebi jini aka aika Turai, sakamako ya dawo cewa gubar dalma ce, daga ƙurar dutsen zinariya da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gida. Masu binciken da suka bi gida gida a ƙauyuka biyu sun ƙirga yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, suka tarar 118 daga cikinsu sun rasu cikin shekara guda, mafi yawansu da jijjiga. Jimillar waɗanda aka rasa kuwa ta kai 400 ko fiye. An buɗe ɗakunan jinya a asibitin Anka da na nan Bukkuyum, kuma a cikin masu saurarona yau akwai waɗanda suka kwana a ɗakunan nan. Allah ya sa masu ceto ne.

To, ga abin da nake so ku auna. Yawan mutuwar ne ya hana a tuhumi kowa, domin ba ya yiwuwa a ce kowace kishiya a gari shida ta tashi kisan 'ya'ya a wata ɗaya. Da a ce yaro ɗaya ne tak, a gida ɗaya, a gidan kuma akwai kishiyoyi biyu da ba sa ga-maciji, kuma amarya ce ta ba shi kunu da la'asar ya sanƙame da magariba, wa zai yi tunanin dalma? Da sai a ce guba aka ba shi, kuma gaskiya ne guba ce. Da sai a ritsa amarya a ɗaki, dangin miji a ƙofa, 'yan sa-kai a zaure, a yi ta tambayarta abu ɗaya har tsakar dare, kuma ban ga abin da zai hana yarinya 'yar shekara goma sha shida ta ce, na ji, ni ce, don dai a rabu da ita ba. Da ta amsa kuwa, da an rufe bincike, ƙurar tana nan a tsakar gida, tana jiran yaro na biyu.

Ko babu mai ritsa ta, uwar da ta rasa ɗa tana faɗin abin da in an rubuta a takarda zai yi kama da iƙrari. Iyayenmu mata shaida ne: sau nawa kuka ji mai jego tana kuka tana cewa ni na kashe shi, da na kai shi asibiti tun jiya, da ban bari an cire masa beli ba, da barci bai ɗauke ni ba? Wannan nadama ce, ba bayanin yadda abu ya auku ba. A Ostireliya an ɗaure wata mata mai suna Kathleen Folbigg a 2003 bisa mutuwar 'ya'yanta huɗu tsakanin 1989 da 1999, kuma babbar hujjar da aka kafa a kanta littafin sirrinta ne, inda take zargin kanta a rubuce. Ta yi shekara ashirin a kurkuku kafin masana su nuna cewa 'ya'yanta mata biyu suna da wata tawaya ta gado mai iya tsayar da zuciya farat ɗaya, aka yi mata afuwa a watan Yuni 2023, kotu ta soke hukuncin a Disamba.

Bari mu koma ga littattafanmu, domin kada a zaci taka-tsantsan da iƙrari bidi'ar Nasara ce. Malamai sun san labarin Ma'izu, wanda ya zo da ƙafarsa ya amsa zina, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi ta kau da fuska har sau huɗu, ya bincika ko yana da taɓin hankali, ko ya sha abin maye, ya kuma buɗe masa ƙofofin da zai fita. Wannan fa mutum ne da babu wanda ya kama shi, babu wanda ya ɗaure shi. An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mutumin da aka bari da yunwa, ko aka ɗaure, ko aka doka, ba a amince da abin da zai faɗa a kan kansa. Shehu Halilu a Muhtasar ya shardanta cewa iƙrari sai da son rai, ya kai har ga cewa wanda aka tilasta, ko da ya fito da kayan sata, ko ya nuna wanda aka kashe, ba a kama shi da wannan iƙrarin, saboda yana yiwuwa ya san wurin ta wata hanya dabam. Amana ce in faɗa muku cewa a mazhabarmu akwai wani ƙauli, wanda ake jingina wa Sahnunu kuma Ibn Asim ya kawo shi a Tuhfa, mai karɓar iƙrarin wanda aka tsare don a jarraba shi. Amma wannan a kan mutumin da ya shahara da ɓarna ne, ɗan fashin da gari ya sani, kuma zalunci ne bayyananne a jawo shi a ɗora wa mai jego ko 'yar raino da ba a taɓa jin ta da komai ba.

Akwai labari biyu da Ibnul Ƙayyim ya tsaya a kansu a littafinsa na hanyoyin hukunci. Na farko, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, na mata biyu ne da kyarkeci ya ɗauke ɗan ɗayarsu, suka yi jayayya a kan wanda ya rage. Annabi Dawuda ya ba babbar, da suka zo wurin Annabi Sulaimanu ya nemi wuƙa a raba musu shi, sai ƙaramar ta ce a bar shi, ɗan babbar ne, shi kuwa ya ba ƙaramar. Ku duba da kyau: mace ta yi iƙrari a kan kanta a gaban alƙali, a kan jariri, da son ranta, kuma alƙali ya yi hukunci da kishiyar abin da ta faɗa, domin ya gane abin da ya sa ta faɗa. Na biyu na zamanin Sayyidina Ali ne, sa'ad da aka kama wani a kango da wuƙa jina-jina, ga gawa a gabansa, ya amsa kisa, ana shirin ƙisasi sai mai laifin na gaskiya ya fito. Da aka tambayi na farko me ya sa ya amsa, sai ya bayyana cewa shi mahauci ne, ya yanka saniya, fitsari ya matse shi ya shiga kango da wuƙarsa, kuma da ya ga yadda aka same shi ya tabbata babu mai yarda da shi. Tsoro, da ƙauna, da yanke ƙauna, duk suna sa mai hankali ya amsa abin da bai yi ba, kuma malamanmu sun rubuta haka tun ƙarnoni da dama.

Sai dai a nan akwai wata gaɓa mai santsi da nake roƙon alƙalanmu su riƙe. Janye iƙrari ana karɓarsa a haddi, wanda haƙƙin Allah ne, kuma yana cikin abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta dogara da shi ran 25 ga Satumba 2003 sa'ad da ta sallami Amina Lawal, bayan kotun Bakori ta yanke mata rajamu, ta Funtuwa ta tabbatar. Amma jini haƙƙin ɗan Adam ne, waliyyan jini suna da nasu, kuma wanda ya amsa kisa ba a sakinsa don kawai ya dawo ya ce ya fasa. Tun da ƙofar fita a ƙuntace take haka, wajibi ne a tsananta tsaro a ƙofar shiga, wato a tabbatar tun farko cewa abin da aka kira iƙrari ya cika sharuɗɗansa na hankali da balaga da zaɓi, kuma zahirin al'amari bai ƙaryata shi ba. Fiƙihu bai kuma mayar da kowace mutuwar jariri ganganci ba: matar da barci ya kwashe ta ta danne ɗanta, hukuncin kuskure ke kanta, na kaffara da diyya, ba na ƙisasi ba.

Shari'ar da ta fi kusa da mu wadda jinin jariri ke cikinta ita ce ta Sani Yakubu Rodi a Katsina, wanda aka tuhuma da kashe wata mata da 'ya'yanta biyu, yaro ɗan shekara huɗu da jaririya 'yar wata uku. A zaman farko cikin Yuli 2001 ya musanta, a watan Satumba ya amsa, a Nuwamba aka yanke masa hukunci, bai da lauya tun daga farko har ƙarshe, bai ɗaukaka ƙara ba, aka rataye shi a kurkukun Kaduna ran 3 ga Janairu 2002, shi ne mutum na farko da aka zartar wa hukuncin kisa bayan dawo da shari'a. Ban tsaya nan don in wanke shi ba, an ma ce a wurin aka kama shi, kuma a can kisan kansa babu shakka a cikinsa, tun da da wuƙa aka yi. Abin da nake cewa shi ne, mutumin da ya ce a'a a Yuli ya ce i a Satumba, yana tsare a tsakanin watannin, babu mai ba shi shawara, ya kamata wata kotu ta sama ta duba abin da ya juya shi kafin a kai ga igiya, don hukuncin ya tsaya ba tare da an bar wa masu sukar shari'a abin faɗa ba.

Yadda ake juya mutum kuwa, an gan shi ƙuru-ƙuru a wata shari'a a Amurka, domin an ɗauki hoton tambayoyin gaba ɗaya. A 2008, a garin Troy na jihar New York, aka kai ɗan wani mutum mai suna Adrian Thomas asibiti, ɗan wata huɗu, ba ya motsi, wani likita ya ce an fasa masa kai. 'Yan sanda suka zauna da uban fiye da awa tara. Ba su doke shi ba. Sun dai ce masa in bai amsa ba matarsa za su kama, sun yi ta nanata masa cewa sun san tsautsayi ne kuma zai koma gida, sun kuma ce likitoci na jiran bayaninsa don su ceci yaron, alhali an riga an tabbatar ƙwaƙwalwar yaron ta mutu. Daga ƙarshe ya amsa, har ya kwaikwayi yadda suka nuna masa wai ya maka yaron a katifa. Aka ɗaure shi a 2009. Binciken gawa bai sami karaya a ƙoƙon kan ba, likitocin da suka ba da shaida dominsa suka ce ƙwayar cuta ce ta shiga jinin yaron, babbar kotun jihar ta jefar da iƙrarin a Fabrairu 2014, aka sake shari'a aka wanke shi a Yuni. Wane uba ne a cikinku, in aka ce masa kalma ɗaya daga bakinsa za ta rayar da ɗansa, zai tsaya lissafin shekarun kurkuku?

Su likitocin ma suna da tasu jayayya. Tun 1971, da wani likitan Ingila mai suna Guthkelch ya yi bayanin illar girgiza jariri, aka ɗauki wasu alamu uku a ƙwaƙwalwa da ido a matsayin hujjar cewa an girgiza yaro. A 2016 wata hukumar gwamnatin Suwidin ta tace dubban rubuce-rubuce, ta sami biyu kacal masu matsakaicin inganci, duka daga Faransa, kuma duka a kan iƙrarin waɗanda aka tuhuma suka dogara. Likitocin yara da yawa sun yi wa wannan rahoto raddi mai zafi, kuma girgiza jariri haɗari ne na gaske da babu mai musunsa. Amma ɗalibin manɗiƙi zai ga daurin da ke ciki, inda maganar likita ke haifar da iƙrari, iƙrari kuma ya dawo ya zama hujjar maganar likita.

Dokar ƙasa ba ta bar wannan wuri a buɗe ba. Tsarin mulki na 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har ya ga lauya. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce idan an yi da'awar zalunci, a kan mai gabatar da ƙara ne ya kore shi, abin da kotuna kan yi wa zama na musamman, shari'a cikin shari'a. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta yi tanadin a ɗauki iƙrari a bidiyo ko a gaban lauya ko wani da mutum ya zaɓa, Kotun Ƙoli kuma ta ce a 2024 wannan wajibi ne; dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗauri har shekara 25. A takarda ke nan. A aikace, matar da ba ta jin Turanci tana magana da Hausa, ɗan sanda yana rubutawa da Turanci, a kama babban yatsanta a dangwala, gobe a jera ta gaban 'yan jarida da allo a ƙirji, kafin alƙali ya gan ta duniya ta gama yanke hukunci a Facebook.

Kada wani ya fita daga nan ya ce malam ya ce a saki masu cutar da yara. Ana cutar da su, a gidajenmu, kuma wasu masu janye iƙrari maƙaryata ne. Duk mun ji labarin Hanifa, 'yar shekara biyar, da aka sace a Kano a Disamba 2021. Mai makarantarsu, Abdulmalik Tanko, ya amsa, daga baya ya musanta kisan a gaban kotu, amma aka yanke masa hukuncin kisa ran 28 ga Yuli 2022, kuma hankali ya kwanta da hukuncin, domin ba a kan bakinsa kaɗai ya tsaya ba: an kama shi wajen karɓar kuɗin fansa, an tono gawar a harabar makaranta, ga shaidu. Kotunanmu sun daɗe suna aiki da wani ma'auni da suka gada daga wata shari'ar Ingila ta 1913, na tambayar ko akwai wani abu a wajen iƙrarin da ke gaskata shi, ko mutumin ya sami damar aikatawa, ko abin da ya faɗa mai yiwuwa ne, ko ya dace da sauran abin da aka tabbatar; wannan kuwa ba wani abu ba ne illa ƙarina da malamanmu suka sani. Binciken da ke wanke marar laifi shi ne dai ke ɗaure mai laifi ɗaurin da ba ya kwancewa a ɗaukaka ƙara.

Saura abin da ke hannunmu mu mutanen gari, kuma mafi yawansa a sa'o'in farko yake, kafin magana ta kai ofishin 'yan sanda. Gaggauta jana'iza sunna ce, ban ce a bar ta ba. Amma inda aka san za a tuhumi wani, jinkirin sa'a ɗaya ko biyu don ma'aikacin lafiya ya duba jikin yaron, ya rubuta abin da ya gani, ya tambayi ko an yi zazzaɓi ko gudawa, ko an kai shi wurin wanzami, ko an ɗura masa wani jiƙo, ya fi a binne shi da hantsi a nemi hujja a bakin 'yar raino da dare. Ranku ya daɗe, dagatai da masu unguwa, kada a tambayi wanda ake zargi a gaban taro, kada a bar masu bulala su riga hukuma, kada kuma mai tambaya ya faɗa masa yadda abin ya auku sa'an nan ya nemi ya ce i, domin da zarar an sa masa bayani a baki an ɓata hanyar gane ko ya sani da kansa. Allah ya gafarta malamai alƙalai, idan takarda mai dangwale ta zo gabanku, ku kira wanda ya rubuta da wanda ya yi tafinta, ku tambayi awa nawa aka yi, wa ke ɗakin, me aka yi alkawari, ku kuma yi i'izari na gaske, wato ba wanda ake tuhuma dama ta ƙarshe ya kare kansa, ba na cika ƙa'ida ba. A wannan yanki namu kuwa, inda har yau ana haƙar zinariya kuma maza na komowa gida da ƙura a tufafinsu, duk yaron da ya mutu da jijjiga aka ce guba aka ba shi, a fara da auna jinin 'yan'uwansa da ke raye a gidan. Ɗigo ɗaya ne daga yatsa, kuma ma'aikatan lafiyarmu sun koyi wannan awo tun 2010.